Firam ɗin ɗinkin duvet na gwanjo da na siyo daga Jos

Shekara 4 kenan ina ɗinkin zanin gado da duvet a gida nan Fadaman Mada a Bauchi, kuma duk wadda take sana'ar nan ta san azabar da ke ciki, ki shimfiɗa yadi a ƙasa ki ɗora fayiba ki rufe da wani yadin ki bi shi da fil, sannan ki zo kina tura wannan uban nauyin ta ƙarƙashin keke, kafaɗa ta riƙe baya ya riƙe, ƙarshe ki juya ki ga ƙasan ya tattare. Shi yasa da wata ƙawata tace akwai wata mata a Jos da zata siyar da firam ɗinta, irin wanda ake shigowa da su daga Amurka cikin kayan gwanjo, ban tsaya dogon tunani ba.

Tsawonsa ƙafa 10, sanduna uku ne da shi, ɗaya na yadin sama ɗaya na ƙasa, na ukun shi ke naɗe inda aka gama ɗinkewa. Keken yana zama kan wani faranti mai tayoyi, keken kike turawa yadin yana tsaye cak, kamar kina zane da biro. Ta tasha aka turo min, ni da maigida muka kwashe yini muna haɗawa don babu takardar bayani. Na rufe haƙoran keken masu jan yadi, na gwada da bargon jariri, wallahi sai da na yi ƙwalla don daɗi, ɗinki ya kwanta lif ba tattara ko ɗaya, cikin awa ɗaya na gama. Har na kira matar ina ta mata godiya da addu'a.

Sai ga aikin amarya. Duvet na gado 6 by 6, farin yadi mai tsada da uwar amarya ta siyo da kanta a Kantin Kwari, biki saura kwana 9. Ashe layin robar da tayoyin ke bi ya tsage can wajen ƙarshe ta dama, an liƙe shi da farin selotef, bargon jariri bai kai wajen ba shi yasa ban gani ba. Ina cikin zana fulawa keken yayi tsalle, allura ta karye a cikin yadin ta ja shi, ya yage kusan tsawon yatsa, a tsakiyar fuskar duvet ɗin fa, inda kowa zai gani ranar jere. Jikina har rawa yake. Na kira matar Jos ɗin nace Anti kin san da tsagar nan ai, meyasa a bidiyon da kika turo baki nuna wajen ba? Buɗar bakinta sai cewa tayi ai kayan hannu ne, haka take aiki da shi. Ko haƙuri bata bani ba, wannan shi yafi min ciwo akan kuɗin. Da aljihuna na biya yadin, kuma ban samu irinsa sak ba duk zagayen da nayi a kasuwar Wunti, sai mai kama da shi.

Wani mai aikin aluminiyam ne ya cece ni, ya cire robar gaba ɗaya ya sa siririn ƙarfe irin na taga mai zugewa, yanzu tayoyin suna tafiya sumul, Allah ya saka masa.

Amma ko da aka gyara, akwai abinda ba wanda ya faɗa min. Sandar da ke naɗe aikin ta cikin wuyan keke take wucewa, wato filin da ke tsakanin allura da jikin keken, wuyan baƙin keken gida kuwa bai fi inci 7 ba, fayiba mai kauri tana naɗuwa tana cinye wajen, kafin ki kai rabin duvet abinda ya rage miki bai fi faɗin yatsu uku ba, sai dai ki sauke ki juya aikin ki fara ta ɗaya gefen. Kar kuma kice zaki ɗora keken Juki babba ta shago, ita motarta da kaskon manta a jikin tebur suke, ga nauyi. Tsawon ɗinki ma hannunki ne ke yanke shi, in kika yi sauri ya buɗe in kika rage ya cunkushe, in aka ɗauke wuta kuwa aiki ya tsaya don babu takawa da ƙafa. Ga shi ya cinye min ɗaki guda.

Yanzu bargon yara da mayafin gado marar kauri nake yi a kai, a nan kam yana min aiki sosai. Manyan duvet na koma shimfiɗawa a ƙasa kamar da. Uwar amaryar nan kuwa ta aurar da 'yarta ta biyu watan jiya, bata kawo min aikin ba.