Wanki, bugu da gugar gawayi a Agege: yadda na samu aikin

Tun bayan ƙaramar Sallah nake kai manyan kayana wurin wani dattijo mai wanki da guga a Zangon Agege, kuma abokai suna ta tambayata ko aikin ya ci kuɗinsa. Ya ci, in dai shadda ce ko riga mai aikin hannu. Ƙananan kayan zuwa ofis kuwa, ka bar su inda ka saba kaiwa.

Babbar riga ce ta kai ni, mai aska takwas, ɗinkin Zariya, wadda mahaifina ya bar mini. Wani shagon wankin zamani ya taɓa jefa mini ita a inji, ta dawo zaren aikin ya tashi, shaddar ta yi laushi ta dushe. Da Baba, wato dattijon mai wankin, ya warware ta, sai da ya daɗe yana shafa wuyan da yatsa kafin ya ce, "Ɗana, wannan ba a murza ta, ba a matse ta. Ka ba ni lokaci."

Na zauna na ga yadda yake yi. Ruwan sanyi da sabulun sanda kawai yake sa wa shadda, ba ya yarda da garin sabulu, ya ce shi ke cinye ƙyalli. Sitacin rogo yake damawa da tafasasshen ruwa, ya tace shi da ƙyalle don kada gudaji ya bar tabo, ya tsoma rigar, ya shanya ta a inuwa. Tana da sauran ɗanshi yake ninke ta ya miƙa wa masu bugu.

Bugun nan shi ne abin da na fi so mutane su sani. Samari biyu ne ke zaune suna fuskantar juna, gungumen itace mai santsi a tsakaninsu, kowa da gudumar katako mai nauyi. Wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, ba sa karo, kuma tun daga bakin layi za ka jiyo amon. Dukan ne ke kwantar da zaren ya tura sitacin cikinsa, har fuskar yadin ta yi sumul ta riƙa ɗaukar ido. Shaddar Getzner, da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, da sheƙinta take zuwa daga masaƙa, wanki ke rage shi, bugu ke dawo da shi. Duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya san aikin nan, don a gefen karofin masu bugu suke. Na yi murna ƙwarai da na same shi da ransa a Legas.

Sai guga. Dutsen gugarsa na baƙin ƙarfe ne, irin mai zakara a kan murfi. Yakan zuba garwashi, ya yi fifita har toka ta bar shi, ya goge gindin da tsumma, ya taɓa da jiƙaƙƙen yatsa ya ji zafin. Wurin aikin hannun ta baya yake gogewa, da farin ƙyalle a kai. Nauyin ƙarfen ke fitar da kari mai kyau, kuma a ɗauke wuta ko a kawo, babu ruwansa.

Ƙamshin sitaci da gawayin nan ya tuna mini gidanmu. Innarmu takan sa bula a ruwan ɗauraya don fararen kaya su yi haske, kuma ran da babu gawayi sai ta ninke kayan makarantarmu ta tura ƙarƙashin katifar rimi mu kwana a kai. Ba a zubar da tsohon zane a wancan lokacin. Takan jera uku ko huɗu, ta bi su da zare da allura layi-layi, su zama abin rufa na hunturu, irin ɗinkin da ake yi wa lifidin dawaki, sai dai shi ana cusa masa auduga. Da ta samu keken Butterfly ma ba ta daina wannan da hannu ba.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma gara a faɗa. Daminar Legas ba ta Kano ba ce. A watan Yuni da Yuli kaya sai su kwana biyu a igiya ba su bushe ba, sitaci ya soma tsami, alkawarin Laraba ya koma Asabar. Wani farin kaftanina ya dawo da ɗan huji a gefen aljihu, tartsatsi ya faɗa masa. Baba bai ɓoye ba, shi ya nuna mini, ya kira ɗaya daga cikin telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa ya cike wurin, ya kuma ƙi karɓar kuɗin gugar. Duk da haka raina ya sosu, don sabo ne. Rasit ma babu. Zare mai launi yake ɗaura wa kayan kowa a matsayin shaida, abin da ban saki jiki da shi ba in kaya sun yi yawa.

Wankin hularsa ma yana da kyau. Da buroshi yake wankewa, ya ɗora ta a kan katakon da ya yi daidai da kanka ta bushe, ba ta sauya girma.

In za ka kai, ka faɗa masa yawan sitacin da kake so, don hannunsa yana da nauyi. Yadin roba kada ka ba shi, zafin gawayi yana narka shi. Kayan Babbar Sallah kuma ka kai su da saura mako biyu, domin a makon ƙarshe ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa saboda yawan aiki.