Sun raba mana kundin bincike gida uku, amma Alhamis ɗin nan ta tsaya min a rai

Riɗi da zoɓo muke saye a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, ni kuma nake riƙe da ofis. Yaranmu na awo kowa da manhaja a wayarsa: a auna kaya, a shigar da rasit, manomi ya zo wurin mai biya a nemo sunansa a ba shi kuɗinsa. Neman sunan nan wani injin bincike mai suna Elasticsearch ke yi mana, tsohuwar siga ta 5 da wani ya ɗora mana tun shekarun baya ya yi gaba abinsa. Sunayen manoma, rasit, bashin taki, duk a kundi ɗaya, kamar an zuba gero da wake da gyaɗa a rumbu guda.

Wasu samari ne masu kamfani a Kano suka karɓi aikin ɗaga mana ita zuwa siga ta 7. Sun yi min bayani yadda zan gane, wannan na yaba. Tun daga siga ta 6, wadda ta fito a 2017, sabon kundi nau'in bayani ɗaya kawai yake ɗauka, kuma siga ta 7 ba ta buɗe kundin da aka gina a ta 5. Dole dai a kwashe komai a zuba a sababbi guda uku. Dabararsu ita ce laƙabi: tsohon sunan da manhaja ta sani za a ɗora a kan sababbin kundin, ita ba ta ma san an yi ƙaura ba. Shugabansu ya ce min, "Alhaji, ko waya ɗaya ba za mu taɓa ba." Sau biyu na sa ya maimaita.

Daren Talata suka yi aikin. Laraba na gwada da kaina, sunaye suna fitowa tun kafin in ɗaga yatsa. Har na kira su na yi godiya, na tura cikon kuɗinsu. Gaggawar da na yi ke nan.

Duk wanda ya san Maigatari ya san mece ce Alhamis, ranar kasuwa, balle a tsakiyar kakar zoɓo. Da hantsi mai biya ya kira ni, ya ce rasit ba sa fitowa. Yaro ya auna buhu, wayarsa ta nuna an adana, manomi ya tako zuwa teburin biya, a nemo sunansa ya fito, bashinsa na bara ya fito, amma awon yau babu. Kafin azahar layi ya kai bakin titi. Wani dattijo da ya taso tun asuba da amalanke ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, bashina injinku bai manta ba, kayana ne ya manta?" Wallahi na rasa bakin magana. Littafi da biro muka koma, muna bin wayoyin yara ɗaya bayan ɗaya muna kwafo nauyi, mutane na zaune a rana. Wasu suka kwashe kayansu suka kai wa maƙwabcinmu.

Na kira Kano ya fi sau goma. Sai bayan la'asar aka ɗauka, wai suna wurin wani aikin.

Abin da ya faru ma ba wani babba ba ne, shi ya fi ƙona min rai. Laƙabin da ke nuni ga kundi fiye da ɗaya zai yi bincike a cikinsu duka, amma in aka zo rubutu sai an ware masa guda an ce nan za ka riƙa zubawa. Ba su ware ba. Elasticsearch ta yi ta ƙin karɓar sababbin rasit, manhajarmu kuwa tana haɗiye kuskuren ta yi shiru. Su neman suna kawai suka gwada, ba wanda ya shigar da rasit ko ɗaya ya gani. Ni ma ban shigar ba, na yarda, amma ai ba ni aka biya ba.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Suka mai da kundin rasit wurin rubutu, suka sake turo awon ranar daga babbar ma'ajiyarmu, babu abin da ya ɓata. Sai dai kwamfutar ofis da muke rajistar manoma da bashi dole aka taɓa ta, aka ba kowanne laƙabinsa. Alkawarin ba za a taɓa komai ba ya tsaya a wayoyi kawai.

Akwai abu ɗaya da ya sa har yanzu ban iya zaginsu gaba ɗaya. A da in yaro ya rubuta Danladi ba ƙugiya, wani ya nemi Ɗanladi, injin mutum biyu yake ɗauka, shi ya sa muke da manoma masu rajista biyu-biyu. A sabon kundin sun saka matatar da ke mai da ɗ da ƙ da ɓ zuwa d da k da b kafin bincike. Ban roƙa ba, su suka lura. Rigimar da muka shekara uku muna yi da yara ta mutu.

To amma da na ce su rage min wani abu saboda asarar Alhamis, sai aka ce a yarjejeniya ba a rubuta za su zauna jiran kira ranar kasuwa ba. Haka ne, ba a rubuta ba. Dattijon nan mai amalanke kuwa tun ranar bai sake kawo mana zoɓo ba.