Zaɓen ƙananan lasifikokin falo a Accra, domin kiɗa da kallon fim

Talabijin na bango ya gyara mana hoto amma ya rage mana sauti, domin siririn jikinsa ba shi da wurin da zai ɗauki lasifika mai kauri, sai 'yan ƙanana da aka juya fuskarsu ƙasa ko bango. Shi ya sa a gidaje da yawa na Nima da Maamobi da Madina za ka tarar an ƙure murya har ƙarshe, ƙara ta cika ɗaki, amma maganar ɗan wasa ba ta fita sosai. Abin da ya fi dacewa da irin ɗakunanmu na ciki da falo shi ne ƙananan lasifikoki guda biyu waɗanda ake ɗorawa a kan kanta ko a kan ƙafa ta musamman, kowace da faifai biyu a fuskarta, babba mai fitar da murya da kaurin ganga, da ƙarami mai fitar da siririn sauti. Zaɓensu kuwa ya rataya ne a kan girman ɗaki da halin wutar lantarkinmu da hanyar haɗa su da talabijin, fiye da lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali.

Wannan lambar ce ta fi yaudarar masu saye. Idan ka ga an rubuta wat dubu biyu ko uku tare da haruffan PMPO, to ka sani ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kansa, kowa yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ake iya dogara da ita ita ce ta RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a tsaye ba tare da ta shaƙe ba, kuma wat 30 zuwa 60 a kowane ɓangare ya ishi falon da bai wuce mita huɗu ko biyar ba. Akwai wata lambar da ta fi wat muhimmanci, ita ce wadda ke nuna yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa idan an ba ta wat ɗaya kacal aka auna daga nisan mita ɗaya. Da desibel ake auna ƙarar, kuma yawancin ƙananan lasifikoki suna tsakanin desibel 84 da 90. Ƙa'idar kuwa ita ce duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat sau biyu kafin a same shi, saboda haka lasifika mai 85 tana buƙatar ninkin ƙarfin da mai 88 ke buƙata kafin ƙararsu ta zo ɗaya. Sannan a duba om, ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar da ke shiga ta, wanda yawanci 4 ne ko 6 ko 8, domin mai om 4 tana jan wuta sosai, tana kuma sa ƙaramar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, ta yi zafi.

Babban rabuwar hanya ita ce tsakanin lasifika mai amfilifaya a cikinta da wadda sai an saya mata amfilifaya dabam. Ta farko sauƙi gare ta: ka sa fulogi a soket, ka haɗa ta da talabijin ko wayar hannu, shi ke nan. Misalin da aka fi sani shi ne Edifier R1280DB na ƙasar Sin, mai faifai inci 4 da wat 42 na RMS gaba ɗaya, yana da Bluetooth da rimot da ƙofar optikal, wadda ke karɓar wayar sauti daga talabijin, kuma ga ɗakin gwauro ko ɗan ƙaramin falo ba shi da laifi ko kaɗan, muddin ba a sa ran jin dirin ganga a ƙirji ba. Akwai kuma irin JBL 305P MkII da Yamaha HS5, waɗanda aka ƙera domin masu haɗa waƙa a situdiyo. Sautinsu ya fi tsabta ƙwarai, amma kowace ɗaya tana buƙatar nata soket, ba su da rimot, ba su da Bluetooth, kuma ƙofofinsu na kayan situdiyo ne, don haka sai an ƙara wata 'yar na'ura a tsakani kafin su yi aiki da talabijin. Sun dace da wanda ke zaune gaban kwamfuta, ba da falon da uwargida da yara za su riƙa canza tasha ba.

A nawa ganin, wanda ke zaune a Accra kuma yake da ɗan hali ya fi kyau ya raba lasifika da amfilifaya, kuma dalilina wuta ce. Duk wanda ya ga dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wuta da aka yi fama da shi a Ghana, ya san ba ɗaukewar wuta ce ke kashe kaya ba, dawowarta da ƙarfi ce. Lasifika marar amfilifaya ba ta taɓa soket ko kaɗan, katako ne da maganaɗisu da waya, tana iya yin shekara ashirin tana aiki idan ba a zalunce ta ba. Idan wuta ta yi ɓarna, amfilifaya ce kaɗai za ta tafi wurin mai gyara, kuma kayan gyaran irin su fiyus da kafasita ana samunsu a Zongo Lane, ko kuma ka sayi wata ka ci gaba da lasifikokinka. Amma idan allon da ke cikin lasifika mai haɗe ya ƙone, sau da yawa sai an nemo na kamfanin daga waje, kafin nan duka biyun sun zama kayan ado. Haka kuma Bluetooth da ƙofofin talabijin suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru, alhali wayoyi biyu ja da baƙi na bayan lasifika suna nan yadda suke tun zamanin iyayenmu. Ko wanne ka zaɓa dai, kuɗin na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta, irin wadda ake sa wa firij, ya shiga cikin lissafinka tun farko.

Amfilifayar ba sai mai tsada ba. Ƙanana irin na Fosi Audio, waɗanda ba su wuce tafin hannu biyu ba, suna tuƙa ƙananan lasifikoki lafiya kuma ba sa cin wuta. Mai son wadda za ta daɗe yana iya duba Yamaha A-S301, mai wat 60 a kowane ɓangare da ƙofar optikal da mafitar sabwufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri kaɗai. Abin lura shi ne amfilifaya marar ƙarfi da aka ƙure ta fi ƙona ƙaramin faifai fiye da mai ƙarfi da aka buɗe daidai, domin idan ta gaza sai ta riƙa fitar da gurɓataccen sauti mai kaushi, shi ne kuma ke dafa siririyar wayar da ke cikin faifan.

Daga nan sai batun ɗaki, wanda masu shago ba su cika tambaya ba. Gidajenmu na bulo ne da siminti, ƙasa tayil, tagogi gilashi, kuma duk waɗannan suna mayar da sauti maimakon su shanye shi. Lasifikar da ta yi daɗi a shago mai cike da kwalaye tana iya zuwa gida ta riƙa tsinke kunne. Klipsch RP-600M, alal misali, tana da ƙaramin faifai a cikin wani baki mai kama da ƙaho, wanda ke turo murya gaba da kuzari, abin da ya sa masu kallon fim da ƙwallo ke son ta, amma a falo mai tayil marar labule da kafet kaifinta yana iya gajiyar da mai sauraro. Kamfanin ya rubuta mata desibel 96, sai dai waɗanda suka auna da kansu sun sami ƙasa da haka. Wharfedale Diamond 12.1 da Q Acoustics 3020i, dukansu sunaye ne na Ingila masu faifai inci 5, sautinsu ya fi laushi, sun fi dacewa da wanda zai daɗe yana sauraron karatun Alƙur'ani ko wa'azi ko tsohon kiɗan hailaif da na gurmi. ELAC Debut B6.2 kuwa, wadda injiniya Andrew Jones ya tsara, faifanta inci 6.5 ne, kaurin sautinta yana sauka har wajen hez 44 (raguwar lambar hez ita ce ƙaruwar kauri), wato kusa da ƙarshen kaurin jitar bas, kuma ita ce ta fi cika falo a cikinsu ba tare da ƙarin komai ba. KEF LS50 da ta fito a 2012, wadda aka dasa ƙaramin faifanta a tsakiyar babban, ta fi su duka fayyace inda kowane sauti ke fitowa, amma tsadarta da desibel 85 ɗinta suna nufin sai an haɗa ta da amfilifaya mai nauyi, in ba haka ba an yi asarar kuɗi.

Akwai wani rami zagayayye ko dogo da ake barin wa yawancin lasifikoki domin ƙara kauri, kuma wurin da yake ya shafi inda za ka ajiye su. Na Klipsch da Wharfedale da Q Acoustics da na ambata a baya yake, don haka suna son a bar musu aƙalla santimita 20 zuwa 30 tsakaninsu da bango, idan kuwa aka manna su sai kaurin ya kumbura ya haɗiye murya. Na ELAC da Edifier a gaba yake, sun fi haƙuri da matsatsi. Wanda ya san a cikin kabad ɗin talabijin zai cusa su, tsakanin kwanukan ado da hotunan iyali, to ya nemi mai rami a gaba tun daga shago. A tsayar da su yadda ƙaramin faifan zai yi daidai da kunnen wanda ke zaune a kujera, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta yi kusa da tazarar kowace zuwa wurin zama, sannan a guji lungu.

Haɗa su da talabijin yana da nasa ƙa'idodi. Bluetooth ya yi daidai da kiɗa daga waya, amma a fim yakan jawo ɗan jinkiri har ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso. Wayar optikal ba ta da wannan matsala, sai dai dole a shiga saitin sautin talabijin a zaɓi PCM, domin irin waɗannan lasifikoki ba sa karanta Dolby Digital, za ka ji shiru ko shuuu ka ɗauka kaya sun lalace. Haka kuma a yawancin talabijin rimot ɗinsa ba ya rage muryar da ta fita ta optikal, sai an riƙe rimot biyu. Ƙofar HDMI ARC ce ke warware wannan, ana kuma samunta a irin Klipsch The Fives da KEF LSX II, da kuma manyan amfilifayoyin sinima na Denon da Yamaha. Doguwar sandar sauti da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin ta fi sauƙin haɗawa, amma faifanta ƙanana ne kuma suna manne da juna, don haka a kiɗa ba ta kamo ƙafar lasifikoki biyu masu kuɗi ɗaya da ita. Sabwufa kuwa a jinkirta sayenta. Tana ɗaukar sautin da ke ƙasa da hez 80, wanda shi ne ke ratsa bango, kuma a gidan haya mai tsakar gida ɗaya maƙwabcinka zai riga ka jin ta.

Kayan gwanjo da ke shigowa ta tashar Tema suna da ganima a cikinsu, tsofaffin lasifikokin Ingila da Jamus da Japan waɗanda sababbinsu sun fi ƙarfin aljihu, amma araha ba ta ado sai an duba da kyau. Ka cire rigar fuskar ka shafa zoben da ya kewaye babban faifan da yatsa. Idan na roba ne kuma yana dawowa, lafiya lau. Idan na soso ne, laimar bakin teku tana cinye shi, za ka ga yana marmashewa a yatsanka kamar busasshen burodi. Ka ɗora yatsu a kewayen tsakiyar faifan ka tura a hankali, bai kamata ka ji ƙarar gogayya ba. Ka kunna sauti ƙasa-ƙasa ka kai kunnenka dab da ƙaramin faifan kowace ɗaya, domin mutuwarsa ce aibin da aka fi ɓoyewa da ƙure murya. Ka duba gindin akwatin ko katakon ya sha ruwa ya kumbura, ka leƙa ramin ko ɓera ko kyankyaso sun taɓa zama a ciki. Idan amfilifaya ce ko lasifika mai haɗe, ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta: Ghana tana kan volt 230, kayan Ingila da Jamus suna shiga kai tsaye, amma na Amurka da Kanada 120 ne, na Japan kuma 100, sai da taransifoma mai rage wuta, sai fa idan an rubuta 100 zuwa 240.

Ko a shago ne a Circle ko wurin wanda kuka yi ciniki ta shafin saye da sayarwa na Jiji, kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai kaya, wadda ya zaɓa don ta girgiza wuri. Ka tafi da naka a waya: muryar mai karatu da ka saba da ita, da kiɗa mai kalangu, da wani yanki na fim inda ake magana a hankali, ka kuma saurara da irin ƙarar da za ka iya kunnawa a gida bayan sallar isha. Sabon kaya kuwa a karɓi rasit a tambayi garanti da wanda zai gyara idan ya samu matsala. Wayar haɗi ba ta buƙatar tsada, ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 ta isa ga nisan falo, amma a kankare bakinta a gani, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Wurin ɗaurawa, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a ɓangarorin biyu, domin idan aka juya ɗaya kaurin sautin zai ragu, murya kuma ta daina fitowa daga tsakiyar talabijin.