Gargaɗi ga masu kamfanoni: ba a hayar gurbin ma'aikacin ƙasar waje

Masu masana'antu a Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, da ma masu ƙananan kamfanonin gini da haƙar ma'adinai, ku yi hattara da dillalan da ke yawo suna cewa za su kawo muku injiniya daga China ko Indiya cikin mako biyu, "takardu duk an gama". Abin da suke sayarwa gurbi ne a cikin kotar wani kamfani, wato adadin baƙin da gwamnati ta yarda wannan kamfanin ya ɗauka aiki, kuma doka ba ta san wannan ciniki ba.

Ga yadda abin yake a Najeriya. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba kamfani kotar ɗaukar baƙi, da sunan kamfanin, da sunan kowane muƙami, da adadin mutanen da aka amince. Idan an rubuta injiniyan lantarki ɗaya, to ɗaya ne, kuma a wannan kamfanin kaɗai zai yi aiki. Da wannan takarda ma'aikacin zai nemi bizar STR, wato bizar shigowa aiki wadda ake daidaita zama bayan an iso, tun yana ƙasarsa, tare da wasiƙar ɗaukar aiki da wasiƙar da kamfani ya ɗauki alhakinsa a gaban Hukumar Shige da Fice. In ya sauka, yana da kwana 90 a daidaita zamansa a ba shi katin CERPAC, wato katin izinin zama da aiki. Wanda zai zo girka inji ko gyara na ɗan lokaci, izinin TWP, wato izinin aikin wucin gadi, ake nema masa.

Dillalin kuwa bizar kasuwanci yake sama wa baƙon, wadda ta halatta taro da duba kasuwa amma ba ta halatta aikin albashi ba, sai ya ce "a hankali za mu juya ta". Ko kuma ya saka sunan baƙon a kotar wani kamfani da ba shi da komai sai rajista da hatimi. Katin zai iya fitowa na gaske, shi ya sa mutane da yawa suke sakin jiki. Amma ranar da jami'ai suka zo duba ma'aikata, katin yana nuna wani kamfani a Legas, mutumin kuma yana tsaye kan injinku a Kano. A ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta 2015 laifin yana kan kamfanin da ya ɗauki baƙon aiki, baƙon kuma ana iya tasa ƙeyarsa. Dillali ya kashe waya tuni. Wani ma fasfon baƙon yake riƙewa, duk shekara ya dawo da kuɗin "sabuntawa", ba kuma mai iya kai ƙara tunda kowa hannunsa dumu-dumu.

Akwai kuma masu karɓar kuɗi da sunan harajin ɗaukar baƙi. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shi a Fabrairun 2024, dala 15,000 kan darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata, sannan ta dakatar da shi a watan Maris na shekarar. Duk wanda ya kawo muku wannan magana, ku ce ya nuna sanarwar hukuma.

Kafin ku ba da ko kwabo, ku nemi ganin takardar kota, ku duba ko sunan da lambar rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) naku ne, harafi da harafi. Muƙamin da ke takardar ya zama shi ne a wasiƙar ɗaukar aiki. Kuɗin gwamnati ta hanyar da hukuma ta tsara ake biya a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba, ko da ya zo da kaki. Ladan lauya ko wakili daban ne, a rubuta shi daban. Takardun kuma ku kai ofishin Shige da Fice na jiharku da ƙafarku a tabbatar.

Kota tana da wa'adi, tana kuma zuwa da ɗawainiya: rahoton wata-wata kan baƙin da ke aiki, da 'yan ƙasa da za su koyi aikin a ƙarƙashin kowane baƙo. Ku tambayi dillalin wa zai riƙa kai wannan rahoto, kuma da sunan wane kamfani.