Kafin ka yi hayar kwamfutar kwantum, fara duba hayaniyarta

Yawancin masu neman hayar kwamfutar kwantum ta intanet, abin da suke fara tambaya shi ne kiyubit nawa ke cikinta, wato ƙananan rukunan da na'urar ke riƙe bayani da yin lissafi da su. Wannan tambayar 'yan kallo ce. Wanda zai fitar da kuɗinsa, abin da ya dame shi shi ne sau nawa na'urar ke kuskure a aikin da ya haɗa kiyubit biyu, da tsawon lokacin da kiyubit ke riƙe halinsa kafin hayaniya (katsalandan daga zafi da muhalli) ta dagula shi, wato abin da ake aunawa da T1 da T2.

Na'urorin IBM suna aiki ne a sanyin kusan milikelbin 15, dab da iyakar sanyin da zai yiwu. Sauri kam akwai shi, sai dai kiyubit ɗinsu ba ya wuce ɗaruruwan mikirosakan a raye, kuma da maƙwabtansa kaɗai yake hulɗa. Kiyubit na kamfanonin Quantinuum da IonQ kuwa ƙwayoyin atam ne masu caji da aka tsare a tarko: suna jure daƙiƙu, kowanne na iya haɗuwa da kowanne, har Quantinuum ta sanar a 2024 cewa na'urarta H1 ta kai ingancin kashi 99.9 cikin 100 a aikin kiyubit biyu. Amma ba su da sauri, lissafin da za a maimaita sau dubbai zai ci lokaci da kuɗi.

In ka zaɓi IBM, buɗe shafin awon na'urar ranar da za ka yi aikin, ba na makon jiya ba. Za ka ga kiyubit biyu suna maƙwabtaka, ɗaya lafiya lau, ɗayan kuskuren da ake yi wajen karanta amsarsa ya ninka na ɗan'uwansa, gobe kuma labari ya sauya. Kauce wa gurɓatattun kyauta ne.

Sai maganin hayaniyar. Ni dai shawarata a fara da mai araha. A Qiskit, manhajar IBM ta rubuta wa na'urorinta umarni, akwai dabarar da ke juya kiyubit akai-akai yayin da yake zaman jira don hayaniyar ta soke kanta, akwai kuma gyaran kuskuren karatu. Kunna su kawai ake yi. Fire Opal na kamfanin Q-CTRL da ke Sidni yana yi maka irin wannan aikin kai tsaye.

Daga nan tsada ke farawa. Dabarar ZNE tana ƙara hayaniyar da gangan, ninki biyu, ninki uku, sannan ta yi hasashen amsar da za a samu in babu ita. Da ita IBM ta yi gwajinta na 2023 a na'urar Eagle mai kiyubit 127. Farashinta maimaita aiki ne sau da yawa, kuma hasashe na iya baudewa. Dabarar PEC, mai auna hayaniyar na'urar sannan ta soke ta ta hanyar lissafi, ta fi ta tsabtar amsa, sai dai yawan maimaicin da take buƙata yana ninkuwa ne da kowane ƙarin tsawon lissafi, kafin ka ankara kasafinka ya ƙare. Duka biyun suna cikin Mitiq, manhajar Python ta kyauta, ka gwada su a kwamfutarka tukuna.

Kada wani ya sayar maka da waɗannan da sunan gyaran kuskure na haƙiƙa. Wancan shi Google ta nuna a Disambar 2024 da guntun Willow mai kiyubit 105, inda kuskure ya riƙa raguwa da kusan rabi duk lokacin da aka faɗaɗa tsarin, kuma ba a jera shi a kasuwa don kowa ba. Abin da ke hannunka yau shi ne mintuna 10 na kyauta da IBM ke bayarwa a wata, sun isa ka gwada ƙaramin lissafin da ka riga ka san amsarsa, da magani da kuma babu.