Saitin cizal na sassaƙar dutse: mabul kaɗai yake iyawa

A Ƙofar Ruwa na sayi saitin nan, irin wanda ke zuwa cikin jaka da cizal mai tsini, da mai haƙora, da mai faɗin baki, da guduma da tabarau. Kun dai san kuɗinsa, ba na wasa ba ne. Burina in koyi sassaƙa dagin Arewa da rubuta sunan gida a jikin dutse. Kafin in biya sai da na tambayi mai shagon ko yana cin giranet, ya tabbatar mini babu dutsen da zai gagare shi.

Wallahi ba haka ba ne. Na ɗora guntun giranet a kan buhun yashi, na kafa mai tsinin, ban yi wani bugu na a zo a gani ba sai ji na yi ƙal! Bakin ya ɓalle, ɓarɓashin ƙarfen ya tashi ya yanki ɗana a kunci, yana tsugune yana kallona. Da ya ƙara sama kaɗan, ido ne. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Na koma shagon da karyayyen cizal a hannu, mutumin ko sannu bai ce ba, wai kayan da aka yi aiki da shi ba ya dawowa. Wannan ta fi ƙona mini rai fiye da asarar kuɗin.

Wani dattijo mai yankan tayil ne ya warware mini. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs mabul yana wajen 3, giranet kuwa 6 zuwa 7, don haka sai cizal mai bakin kabayid, wato wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri. Na ƙarfe zalla irin nawa ba aikinsa ba ne.

Gaskiya a kan mabul ya burge ni. Na samo gutsattsarin da masu tayil ke ragewa, na bi shawarar dattijon nan: a karkata cizal, kada a tsayar da shi cak, don bugun tsaye yana barin farin tabo a cikin dutsen wanda sanfefa ba ta goge shi da sauƙi. Mai haƙoran yana tafiya sumul, mai faɗin bakin ya fitar mini da layukan dagin tsaf. Maƙeri kuma ya gyara karyayyen ya ba shi ruwa. Har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai kan cizal ɗin, inda guduma ke sauka, tuni ya fara bajewa kamar naman kaza, kuma daga nan ma ƙarfe yana iya tashi. Tabaran yana yin gumi daga ciki har ka daina ganin zanenka. Takunkumi kuwa babu shi sam a jakar, alhali ƙurar giranet cike take da silika mai lalata huhu a hankali. Dole na sayi mai matattara daban, kuma ina yayyafa wa dutsen ruwa ina aiki.

Mai son farawa da mabul ko wani dutse mai laushi zai iya lallaɓawa da shi, amma ya sayi tabarau na kirki, ya kori yara daga wurin. Ni dai shagon nan ba zan sake taka shi ba.