Sharhi kan shimfiɗar takalmi mai tauri ga masu amosanin babban yatsan ƙafa

Shimfiɗar da nake magana a kanta wani siririn faifai ne baƙi da ake yi da zaren kabon, wanda ko an sa hannu biyu ba ya lanƙwasuwa sai da ƙyar. Ana zura shi cikin takalmi, a ƙarƙashin shimfiɗar da takalmin ya zo da ita. Likitan ƙashi ne ya ba ni shawarar gwada shi, bayan hoton ƙafata ya nuna cewa amosanin gaɓɓai ya kama gindin babban yatsana na dama, kuma na yi amfani da shi tun daga hunturu har zuwa faɗuwar damina a nan Sakkwato.

Ba za a gane amfanin faifan ba sai an san yadda ciwon yake. A kowane taku, da zarar diddige ya bar ƙasa, babban yatsa yakan lanƙwashe sama, nauyin jiki ya bi ta kansa. Ƙasusuwa biyun da suka haɗu a gindin yatsan suna lulluɓe da guringuntsi mai santsi, kuma idan wannan guringuntsin ya zaizaye sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, daga baya wani ƙarin ƙashi ya tsiro a saman gaɓar ya tokare yatsan. Likitoci suna kiran lalurar hallux rigidus, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 60, wani lokaci saboda tsohon rauni irin na tuntuɓe ko ƙwallo, wani lokaci kuma saboda gado ko siffar ƙafa. Faifan ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. Aikinsa kawai shi ne ya hana takalmi lanƙwashewa a daidai gaɓar, ta yadda yatsan zai huta.

A wannan aikin ya cika alkawari. Kafin in same shi, ina taka gefen ƙafa ne don gudun zafi, har tafin takalmina ya cinye ta gefe ɗaya, gwiwa ma ta soma ƙorafi. Yanzu ina zagaya babbar kasuwa a ƙasa in dawo ba tare da zugin da ke hana ni barci ba. Da farko dai tafiyar babu daɗi, tamkar an ɗaura wa mutum katako a tafin ƙafa, diddige kuma yana ta zamewa daga takalmi, amma ƙafa tana sabawa.

Matsalarsa ta farko ita ce ba ya zama sai a takalmi rufaffe mai faɗin gaba. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ake nufi da wuni cikin kambas da safa. Silifas kuwa, wanda shi ne takalmin kowa, yana cikin mafi illa ga wannan ciwo, domin yana lanƙwashewa a daidai inda ba a so. Mafitar da na samu ita ce wani baduku a Madunka, wanda ya ɗinka mini takalmin fata buɗaɗɗe mai kaurin tafi, ya ɗan ɗaga gabansa yadda ƙafa za ta mirgina, ya kuma kauce da igiyar daga kan ƙullin ƙashin. Bai kai faifan tauri ba, amma a ranakun zafi shi nake sawa.

Matsala ta biyu ta fi girma, kuma masu tallar faifan ba sa ambatonta: inda yatsan ya fi lanƙwashewa a rayuwarmu wuri ne da ba a sa takalmi. Sujada, zaman tahiya da tsugunon alwala duk suna danne gaɓar, kuma a nan faifan ba shi da ta cewa. Na koma yin alwala a kan kujera, na kuma nemi bayanin malami game da sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalura.

Ba zan ba kowa shawarar saye ba kafin ya ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a wani asibitin da ake ɗaukar hoton ƙashi, domin ciwon gawut ma wannan gaɓar yake kamawa. Shi gawut farat ɗaya yake zuwa, sau da yawa cikin dare, yatsa ya kumbura ya yi zafi har ko mayafi ba a so ya taɓa shi, kuma asalinsa taruwar sinadarin yurik asid ne a jini, don haka maganinsa daban ne. Haka nan shan ibuprofen ko diclofenac kullum daga kemis yana iya jawo gyambon ciki da cutar da ƙoda, musamman ga wanda ba ya shan isasshen ruwa. Alherin da na fi gode wa faifan a kai shi ne ya rage mini shan waɗannan ƙwayoyi.

Idan ciwon ya yi nisa har yana damun mutum ko yana zaune, faifai ba zai wadatar ba. A nan likita kan yi maganar allura a cikin gaɓar, ko tiyatar kankare ƙashin da ya tsiro, ko kuma haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya, wanda ke rage zafin ƙwarai amma gaɓar ba za ta sake motsi ba. Ga wanda bai kai nan ba, faifan ba shi da arha amma ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a auna shi da ainihin takalmin da za a sa shi ciki, domin ba a rage tsawonsa da almakashi.